Zango ɗaya ina koyon Sifaniyanci a Giranada: abin da kuɗina ya saya

Kafin in tafi na ɗauka na iya Sifaniyanci daidai gwargwado. Faransanci nake karanta a jami'a, na kuma yi shekara biyu ina koyon Sifaniyancin da kaina a waya da littattafai. Direban tasin da ya ɗauke ni daga tashar mota a Giranada shi ya fara sauke mini girman kai. Ya yi ta zuba tun daga tasha har ƙofar gida, ni kuwa ko kalma biyar ban tsinta ba. Mutanen kudancin Sifaniya haɗiye wutsiyar kalma suke yi. Garin nasu ma "Graná" suke ce masa, "más o menos" kuwa a bakinsu ya koma "ma o meno". Babu inda takardar tallar cibiyar da na biya ta faɗi wannan, kuma da ta faɗa da ta kyauta.

Ba zan ambaci sunan cibiyar ba. Tsarin dai shi ne wata huɗu, awa huɗu na harshe kullum da safe, darasin adabi da na tarihi sau biyu a mako, ɗaki a gidan 'yan gari da abinci sau biyu a rana, sai wani abu da suka kira shirin al'adu wanda kuɗinsa daban ne.

Darasin harshe ba ni da ta cewa a kansa. Mu goma sha ɗaya ne a aji, malamar kuma ba ta yarda a yi wani yare ba ko da wasa. Ita ce ta warware mini "subjuntivo", siffar aikatau ta fata da shakka da umarni wadda ta daɗe tana ba ni ciwon kai, kuma da kalma guda ta yi hakan: "ojalá". Ta ce daga Larabci ta fito, daga "lau sha Allah", kuma duk aikatau ɗin da ya biyo ta dole ya sauya siffa domin abin bai riga ya faru ba. Sai na ga ai mu ma ba ma cewa "Allah ya kawo ka" da sigar da muke cewa "Allah ne ya kawo ka". Daga ranar na daina haddacewa, na fara ji. Na kuma buɗe shafi a bayan littafina ina tara 'yan uwan kalmominmu: "aceituna" zaitun, "azúcar" sukari, "alcalde" wanda su magajin gari suke nufi da shi, amma tushensa ɗaya da alƙalinmu.

Sai dai gaskiya rabin abin da na iya ba a aji na same shi ba, a teburin uwar masaukina ne. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse Madrid da Malaga. Tun ranar farko ta ce in kira ta da sunanta, in kuma daina ce mata "usted", wato "ke" ta girmamawa. Bakina ya ƙi. Matar da ta girmi mahaifiyata, in kama sunanta gatsal? Na ce mata a wurinmu Inna za a ce, ta maimaita sau biyu, ta yi dariya, ta karɓa. Da sanyi ya shigo a Nuwamba, kuma sanyin Giranada ba wasa ba ne don garin a gindin duwatsun Sierra Nevada yake, sai ta fito da wani tebur mai zagaye da aka lulluɓe da mayafi mai kauri har ƙasa, a ƙarƙashinsa akwai kaskon wuta na lantarki. Kowa ya zauna ya ja mayafin ya rufe cinyarsa. A nan muke cin abincin dare wajen ƙarfe tara da rabi, tana kallon labarai tana yi wa 'yan siyasa faɗa, in na yi kuskure ta buga cokali a faranti ta gyara mini. Wannan kaɗai ya isa in ce wa mai niyya kada ya zaɓi ɗakin kwanan ɗalibai. 'Yan ajinmu da suka zauna can, galibi 'yan Amurka, Turanci suka yi ta yi wa juna har aka tashi.

Abinci kuwa sai da muka daidaita. Na rubuta a fom cewa ba na cin alade, cibiyar ba ta isar mata ba. Ita kuma a ganinta ɗan yankan "jamón", busasshen naman alade, a kan wake ba nama ba ne, kayan ƙanshi ne. Sai da na raka ta wurin mahautan halal da ke wajen titin Elvira. Daf da Kirsimeti ma na gano kayan zaƙin da ake rabawa, "mantecados", da kitsen alade ake yin na gargajiyarsu.

Darasin adabi shi ne inda nake jin an rage mini mudu. An tsakuro mana Cervantes, shahararren marubucin Sifaniya, a takardun hoto, shafi goma nan, shafi biyar can, kamar ana gudun kada mu ƙoshi. Lorca, marubucin waƙoƙi, shi ne kawai aka zauna a kansa, shi ma don ɗan yankin ne: a Fuente Vaqueros aka haife shi a 1898, a kusa da Giranada aka harbe shi a Agustan 1936, farkon yaƙin basasa. Malamin ya iya karanta waƙa da murya, wannan ban hana shi ba. Amma adabin Latin Amurka da aka yi mana alkawari, mako guda aka ba shi.

Shirin al'adun nan kuwa kada ka biya. Daga cikin fita biyar, biyu na ɗanɗana giya ne, da na ce ba zan je ba aka ce kuɗi ba ya dawowa. Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta garin, da kanka za ka iya sayen tikiti ta intanet, ka dai saya da wuri, ka riƙe fasfo, ka kuma kiyaye lokacin da aka rubuta maka na shiga fadojin sarakunan Banu Nasr domin in ya wuce ba za a bar ka ba. Mai yi mana jagora yana ta fassara rubutun bango daga takarda, ni kuwa ina karanta "wa la galiba illallah" kai tsaye, har 'yan ajinmu suka bar shi suka dawo bayana. Ya faɗi yadda garin ya koma hannun sarakunan Kirista Fernando da Isabel a 2 ga Janairun 1492, amma bai san cewa Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ɗan garin nan ne, kuma ya yi rubutu a kan Kano da Katsina tun ƙarni na 16 ba. Ni na gaya masa.

Juma'a malamar harshe takan sallame ni da wuri in hau unguwar Albaicín, masallacin da aka buɗe a 2003, wanda daga lambunsa Alhambra ke fuskantarka. Na zana jarrabawar DELE ta shaidar iya Sifaniyanci, mataki na B2, kafin in dawo, na kuma ci. A ma'aunina harshe da masauki sun ci kuɗinsu, adabi rabi, shirin al'adu asara. Inna har yanzu takan turo mini saƙon murya ranar Lahadi, kuma har yau in ta yi sauri sai na saurara sau biyu.