Takardu ko gwajin DNA: neman asalin kakanni a Sukotland

An sha tambayata wanne ya fi wajen gano kakan da ake gardama a kansa.

Takardu sun fi arha, suna ba ka suna, gari da shekara. Rajistar gwamnati ta haihuwa, aure da mutuwa ta fara a 1855, tana ScotlandsPeople, shafin intanet na gwamnatin Sukotland. Kafin nan sai littattafan coci, masu giɓi da yawa. Abin da ya fi damuna sauya suna: a 1603 aka haramta sunan dangin MacGregor, wasunsu suka koma amfani da sunan Murray ko Campbell, zuriya ɗaya ta tashi da labari biyu. Nan gwajin Y-DNA, wato na ƙwayar halittar da ɗa namiji ke gada daga uba, ke raba gardama, sai dai layin uba kaɗai yake bi, kuma ba ya faɗin sunan kakan.

Mai farawa ya riƙe takardu. Wanda takardu suka bar shi da zato biyu ya yi gwajin.