Hattara da mai fim ɗin hoto mai araha a Katako, ya ci min jika 60

Jika 60, sefa dubu 60 ke nan. Sau uku nake rubuta wannan ina gogewa don kunya, amma jika 60 ba ta tafi a banza ba sai kowa ya ji.

Ni ba yau na fara riƙe kamera ba. Canon AE-1 ɗin da nake aiki da ita ta mahaifina ce, da ita ya ɗauki hotunan aure da suna a Tawa tun ban san kaina ba. Na san fim, na san zafi ne babban abokin gabarsa, musamman zafin Yamai na watan Afrilu da ke wuce 40. Shi ya sa da mai sayar da fim ɗin nan na kasuwar Katako ya buɗe kula a gabana, ga ƙanƙara, ga fina-finai jere cikin leda, sai zuciyata ta kwanta. Kular nan ce ta cuce ni. Na ce wanda ya san a ɓoye fim cikin sanyi ai ɗan sana'a ne. Har ce min ya yi: "Yaya, ai kai ka fi ni sani, ni almajirinka ne." Wallahi har murmushi na yi.

A WhatsApp muka fara magana, wani ya ba shi lambata. Kodak Gold 200, mai ɗauka 36, jika 4 kowane. Wanda ake kawo min daga Faransa a lokacin yana tasar min kusan jika 9 kafin ya iso hannuna. Na ɗauki 10, jika 40 ke nan. A'a, kafin nan ma sai da na sayi ɗaya na gwada, shi da kansa ya kai wanki, ya turo min hotuna ta waya, launi tsaf. Wa zai yi shakka bayan haka? Ku faɗa min. Yanzu na gane wancan ɗayan ne kawai na gaske.

Sauran babu kwali, babu ranar ƙarewar aiki, sai takardar Kodak manne a jikin gwangwanin. Kuma na ga bayan wutsiyar fim ɗin baƙi ƙirin, kamar an shafa toka da gawayi. Na gani da idona! Na tambaya, ya ce sabon samfuri ne. Na sake kallon kular, na yi shiru.

Da su na tafi Tawa bikin ƙanwata. Fim na farko ya tsaya a 21. Na biyu a 19. Na ce ko kamera ce ta tsufa, har na zargi kamerar babana. Na ɗauki guda 6 a kwana uku, kamu, ɗaurin aure, rakiyar amarya, kakarmu zaune a tabarma tana dariya, ita da ba ta yarda a ɗauke ta.

Maganar wanki kuwa tun ranar Katako ya kawo ta, na manta ban faɗa ba. Wai yana da mutum a Kwatano, jika 4 kowane fim har da saka hotuna a kwamfuta, sati biyu. Da na dawo na ba shi 5 hannu da hannu, da jika 20. Jika 40 da jika 20, jika 60. Na shida ya makale a aljihun jaka, Allah ne ya tsare shi.

Sati biyu suka zama wata. Yau iyaka ce ta hana, gobe direba ne bai da lafiya. Daga baya lamba ta daina shiga. Na koma wurin da muka haɗu sau huɗu, maƙwabta suka ce ba rumfarsa ba ce, zama kawai yake yi a benci.

Na shidan na ba wani abokina ya kai wa mai wanki a Kano. Mutumin ya jiƙa yatsa ya goga wutsiyar, baƙi ya fita. Ya ce wannan fim ɗin sinima ne, ana yanko shi daga babban nadi a cusa cikin tsohon gwangwani. Baƙin bayan sunansa remjet, wankinsa na daban ne, ana ce masa ECN-2, in an saka shi a injin C-41 na fim ɗin hoto sai ya ɓata ruwan maganin har da fina-finan wasu. Ya ƙi wanke shi. Ya ce shi kansa fim ɗin sinima ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya, amma wa ya san shekarun wannan. Ashe ko da bai gudu ba, wankin jika 4 ɗin ƙarya ne tun farko.

Ina da hirarmu duka da saƙonnin muryarsa, har wanda yake rantsuwa da Allah. Zan ɗora su gobe, bayan na dawo daga komisariya.

Kada ku sayi fim marar kwali. In bayan wutsiya baƙi ne, ku ajiye. Kada ku ba mai wanki duka lokaci guda.

Kuɗin sun yi min zafi, amma guda 5 ɗin nan nake so. Kai mai fim, in kana karanta wannan, riƙe jika 60 ɗin, ka ajiye su wurin mai shayin bakin titi. Inna ta kira jiya tana tambayar hoton kaka, na ce mata suna hanya.