Gyaran bawul ɗin man giya: abin da na gani bayan wata 8

A-kori-kurata 'yar Amurka ce, mai giya otomatik, kuma ba ta san hutu ba: dakon shanshera daga fadamun Auyo zuwa Haɗeja, ranar Lahadi kuma mu nufi kasuwar Gujungu. Bara da bazara, lokacin da rana ke haura digiri 40, ta fara yi mini gardama. In na ɗora buhu 12 na shiga yashi, sai giya ta riƙa jan ƙafa, ga wani ƙauri yana tasowa daga ƙasa. Ɗana ya maƙala wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari wadda ke nuna zafin man giya a waya. Muka ga digiri 108.

Bakaniken da na kai wa a Haɗeja ya ɗiga man a farar takarda. Maimakon ja, ya koma kalar shayin da aka manta a wuta. Ya ce, "Alhaji, kularka lafiya lau take, man ne ba ya zuwa wurinta da wuri."

Ashe akwai wani bawul a bakin tiyon da ke kai man giya zuwa kula, wato na'urar da ke sanyaya shi. Cikinsa wani abu ne mai kama da kakin zuma, irin na masana'anta, sai ya ji zafi ya kumbura sannan hanya ta buɗe, a tawa motar kusan digiri 90. Kafin nan man yana juyawa ne ya koma cikin giya bai sha iska ba. An yi haka ne don ƙasashen ƙanƙara, inda ake so mai ya yi ɗumi da sauri. Mu da ko a inuwa gumi muke yi, me za mu yi da wannan gata?

Ya zare cikin bawul ɗin, ya sa toshiya da aka samo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, duk man ya koma bi ta kula. Muka zuba sabon mai, wanda kuɗinsa ma ya fi na aikin. Satin farko na tarar da ɗigo a inda nake ajiye ta, roba ce bai zaunar daidai ba. Ya gyara bai karɓi ko sisi ba.

Yanzu a kwalta tana zama tsakanin 70 da 75. A yashi da kaya ban ga ta wuce 92 ba, ƙaurin kuma ya ɗauke.

Sai dai hunturu ya nuna mini ɗaya fuskar. Da asuba a Janairu man ya kan daɗe bai yi ɗumi ba, giya ta ɗan riƙa dukan baya har na wuce kilomita 10, kuma na lura tana ƙara shan fetur kaɗan. Wannan ban damu da shi ba. Abin da ke raina shi ne, da can in kula ta toshe, man yana da wata hanyar komawa ya jiƙa giya. Yanzu babu. In tiyo ya lanƙwashe ko datti ya cushe ta ciki, giyar ce za ta biya. Shi ya sa ban yarda a yi wa motar ƙanena ba, don shi ko bonet ba ya buɗewa.

Ni kuwa duk Juma'a kafin masallaci sai na kai ta wurin mai faci, ya hure ƙaiƙayi da ƙurar da suka liƙe a haƙoran kula, ni kuma in durƙusa in bi tiyo biyun nan da hannu.