Stata a hannun mai binciken tattalin arziki: inda take ƙoƙari da inda take yin shiru

Duk wanda ya shiga digiri na biyu ko na uku a fannin tattalin arziki, musamman masu auna tasirin manufofin gwamnati, ba ya nisa sai an haɗa shi da Stata, manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluma. Kamfanin StataCorp da ke Texas a Amurka ne ke yin ta, kuma tun 1985 take kasuwa. Kashi uku ce: BE na ɗaukar ginshiƙan bayanai 2,048, SE 32,767, MP kuwa 120,000. Ɗalibi mai aiki da binciken gidaje ya nemi SE, domin da zarar an haɗa fayiloli, BE kan cika.

Ƙarfinta yana cikin do-file, wato fayil ɗin umarni, inda ake rubuta kowane mataki tun daga tsaftace bayanai har zuwa teburin ƙarshe. Mujallun ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka, American Economic Association, ba sa buga aiki sai an miƙa umarnin da ya samar da sakamakon, don haka wannan ba ado ba ne. Umarni irin su xtreg, ivregress da svyset gajeru ne, littattafan bayaninsu kuma suna nuna lissafin da ke ƙarƙashi filla-filla. Nan kam ta cancanci yabo.

Abin da ke damuna shi ne kurakuran da take bari su wuce ba ko tari. Gurbin da ba a amsa ba, wanda take nunawa da ɗigo, tana ɗaukarsa ya fi kowace lamba girma. Ka ce ta ware gidajen da kuɗin shigarsu ya haura 50,000, sai duk gidan da ya ƙi amsawa ya faɗa cikin masu hali. Maganin shi ne ka ƙara sharaɗin cewa adadin ya gaza ɗigo.

Na biyu ya fi muni. Sabon ginshiƙi tana ajiye shi a matsayin float, wani nau'in ma'ajin lamba wanda bai riƙe lamba daidai idan ta wuce 16,777,216. Lambar shaidar gida mai alƙaluma tara sai ta gurɓata, gidaje biyu su zama ɗaya. A ajiye ta a double, ma'ajin da ya fi float riƙe alƙaluma, ko a rubutu, sannan a gwada da isid, umarnin da ke duba ko wata lambar shaida ta maimaitu, kafin a ci gaba. Shi kuwa merge m:m, wani umarnin haɗa fayiloli, a guje shi ɗungurungum. Layuka yake haɗawa bisa jerinsu kawai, littafin Stata da kansa ya gargaɗi mutane a kai.

Lasisinta na kuɗi ne, alhali takwararta, manhajar R, kyauta ce, kuma R ta fi ta sakewa wajen taswira da nazarin rubutu. Sai a Stata 16, a 2019, aka samu damar buɗe tarin bayanai fiye da ɗaya lokaci guda. Amma mai bibiyar gidaje ko kamfanoni shekara bayan shekara, wanda abokan aikinsa ma do-file suke turo masa, da wuya ya samu abin da zai fi ta sauƙaƙa masa aiki.