Gurasar Jakara: har yanzu ta ci kuɗinta, amma a auna ta da hannu

Duk wanda ya saba sayen gurasa a Jakara ko Cediyar 'Yan Gurasa a birnin Kano ya san ba ta kai yadda take a da ba. Faɗinta na nan kusan yadda aka saba, nauyin ne ya gudu. Laifin kuma ba na matan da ke gaban tanderu ba ne. Kusan duk alkamar da kamfanoni ke niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, da dala. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɗaga farashinta a 2022, aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, a watan Yuni kuma aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. A Fabrairun shekarar ne masu gurasa a Kano suka fito zanga-zanga kan tsadar fulawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda tsadar ba ta faɗa wa kowa daidai ba. Babban gidan burodi yana ɗaukar fulawa mota guda a farashin sari. Mai gurasa kuwa buhu ɗaya mai kilo 50 take ɗauka a Kasuwar Singa, sau da yawa bashi, sai ta sayar ta biya, kuma farashin bashi daban yake da na kuɗi hannu. Masu sayenta 'yan dako ne da 'yan adaidaita da ɗalibai, ba ta isa ta ƙara musu kuɗi kullum ba. Sai ragin ya koma cikin ƙullin.

Ga yadda ake gane mai kyau. Gurasa fulawa ce da yis da gishiri da ɗan sukari da ruwa. Kilo ɗaya na fulawa bai buƙatar fiye da cokalin shayi uku na yis, sai a bar ƙullin ya tashi awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon zafin gari. In aka cika yis don ta kumbura ta cika ido, za ka ji ta sakayau a hannu, in ka yaga ta sai manyan ramuka, ga warin tsami. Irin wannan da an yayyafa mata ruwan bandashe take narkewa ta zama kamar kunu. Mai kyau ƙananan ramuka gare ta, tana ɗan ja kafin ta yage, bayanta da tabon tanderu ja-ja. In bayan fari ne fat, tsakiyar kuma tana manne wa yatsa, an yi tsimin kara ne, tanderun bai yi zafi ba aka liƙa ta. Wannan ba ta kwana, ballantana a cikin leda. Zaƙin da ke barin ɗaci a maƙogwaro kuma alamar sakarin ce.

Wajen bandashe ma a duba. Garin ƙuli na gaske yana da maiƙo da ƙamshin gyaɗa. In ya yi fari ya bushe, an haɗa shi da wani gari. Gara a rage maka mai a ba ka man gyaɗa na gaske da a malala maka wanda aka riga aka yi suya da shi.

Duk da haka, a tsakanin abin da talakan birni zai karya da shi, gurasa ta fi burodin leda riƙe ciki, in ka dace da mai nauyi. A saya da safe tana da ɗumi, a ɗaga biyu a gwada kafin a biya. Inda aka samu ta alkama zalla, musamman bayan girbin rani lokacin da alkamar Kadawa da Haɗeja ke shigowa kasuwa, ita ce zaɓina: ta fi duhu, ta fi tauri kaɗan, amma guda ɗaya da ƙuli da albasa tana kai mai aikin ƙarfi azahar.