Gargaɗi ga masu shirin sayen tayil da ƙofofin sabon gida

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda gininsa ya kai matakin finishin ya daure ya karanta wannan har ƙarshe, ko ya tura wa ɗan uwansa da ke gini, domin abin da ya same ni wallahi bana fatan ya samu kowa. Ba zan kama suna ba tunda magana tana hannun hukuma, amma zan faɗi yadda suke yin abin tiryan-tiryan saboda na gano ba ni kaɗai aka yi wa ba.

Shekara shida ina fama da ginin nan a bayan gari nan Kano, da albashi da adashi da ɗan abin da gona ta bayar, yau a sayi bulo ɗari gobe a tsaya wata uku. Da Allah ya sa aka yi rufi aka gama filasta da wayarin sai ya rage tayil da ƙofofi da kayan bayi, wanda duk mai gini ya san nan ne kuɗi ke tafiya kamar ruwa. Maman yara ita ta zaɓi kalar da take so a falo, ruwan madara mai ɗan zane-zane kamar dutse, ta daɗe tana ajiye hotonsa a wayarta.

Ana cikin haka na ci karo da wani bidiyo a Facebook, wani matashi tsaf-tsaf da shi cikin shadda yana zagaya wani ƙaton sito katan-katan har sama, yana cewa kwantena ce ta sauka daga Sifen kuma maigidansa na neman kuɗi da gaggawa zai biya kwastan shi yasa aka karya farashi, wanda ya riga ya samu. Na nuna wa mai sa min tayil, yace ai Alhaji na san yaron nan, kayansa masu kyau ne, na sha yin aiki da su. Wannan maganar ita ta kwantar min da hankali, ku riƙe ta zan dawo kanta.

Muka haɗu da matashin a kasuwar Ƙofar Ruwa a bakin wani babban shago. Ya tarbe ni da ranka ya daɗe, ya sa aka jawo min benci aka kawo ruwa mai sanyi, yaran shagon suna wucewa suna gaishe shi yana amsawa, kai ka rantse shagon ubansa ne. Ya shiga ciki ya fito da samfur, tayil mai santimita 60 da 60, irin mai ƙarfin nan da ake kira fosilin, nauyi kamar me, ya kifa shi ya zuba ruwa a bayansa yace duba ranka ya daɗe, fosilin na gaske baya shan ruwa. Kuma gaskiya ya faɗa, ruwan nan ya tsaya cirko-cirko bai shige ba. Wato shi ma ya san gwajin, da gwajin gaskiyar ma ya kama ni.

Muka yi lissafi. Katan ɗaya na 60 da 60 guda huɗu ne a ciki, yana rufe sikwaya mita 1.44, ni kuma falo da ɗakuna da baranda sun tashi mita 180, katan 125 kenan, muka ƙara goma saboda yanka da fashewa ya zama 135. Sai ƙofar ƙarfe biyu da yace 'yan Turkiyya ne, da tangaran na bayi guda uku da kawunan famfo da shawa. Yace in bada kashi 70 cikin ɗari kafin alƙalami a fitar da kaya daga babban sito, sauran idan an sauke. Lambar akawun da ya bani sunan wani ne daban ba na shago ba, da na tambaya yace ƙaninsa ne, nashi akawun ya samu matsala. Rasit ɗin da ya rubuta min babu adireshi, babu lambar rajistar kamfani ta CAC, lambar waya ce kawai da sa hannu. Duk na ga waɗannan da idona, araha ce ta rufe min ido na tura.

Kwana uku yace, sai da aka yi sati biyu, yau mota ta lalace gobe an rufe sito an tafi jana'iza. Ranar da kayan suka zo sai bayan magariba, a kango da babu wuta, direba na ta huci wai yana da wani lodin, 'yan dako na ta sauri. Na haska fitilar waya na buɗe katan biyu daga na sama, irin samfur ɗin nan ne sak, ƙofofi kuma suna naɗe a leda da kwali. Matashin yana tsaye a kaina yana cewa ranka ya daɗe a taimaka a cika min, maigida na jira. Na cika masa a nan take.

Mai tayil ya fara aiki ina ofis. Rana ta uku na zo da la'asar da maman yara ta ga falonta, rana ta shigo ta taga ta kwanta a ƙasa, tana shiga tayi turus. Kala uku ne a falon nan, wani ruwan madara, wani ya ja zuwa toka, wani kamar an jiƙa shi da shayi. Layukan ba su haɗu ba domin wani tayil ɗin ya fi wani girma da ɗan kaɗan, wasu kuma tsakiyarsu ta ɗago in ka ɗora ƙafa a gefe kana jin kaifin baki. Bata ce komai ba ta fita ta zauna a kan bulo a waje, wannan shirun nata har yau yana min ciwo fiye da kuɗin.

Na shiga ɗakin da aka jibge sauran na fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Katan ɗin an taɓa buɗe su an sake liƙewa da salatif, wajen da kamfani ke buga lambar kala da lambar rukunin da aka gasa tare an goge shi ko an manna takarda a kai. Na kifa ɗaya, bayansa jan yumɓu ne, na zuba ruwa kafin in ƙirga goma ya shanye. Wani katan ɗin uku ne lafiyayyu na huɗun fasasshe an cusa a tsakiya. Da muka tantance duka har da waɗanda aka riga aka manna, na gasken ba su wuce katan goma sha biyu ba, su aka jera a sama.

Kar wani ya fahimce ni ba daidai ba, ba ina kushe tayil ɗin gida ba ne. Akwai masana'antu a Ajakuta jihar Kogi da kuma jihar Ogun suna yin tayil, kuma mai daraja ta ɗaya a cikinsu mutane na sawa ya yi shekaru lafiya lau. Da yace min na gida ne da na saya da kuɗinsa hankalina kwance. Abin da wannan ya yi shine ya tattaro rarar da aka ware saboda aibi, wanda ake sayarwa da arha, ya zuba a kwalayen waje ya karɓi kuɗin na waje.

Ƙofofin da muka warware, mutum ɗaya ya ɗaga guda ba tare da nishi ba, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar gwangwani, makullin tun ranar farko yake cijewa. Kan famfo kuwa mai aikin famfo yana ɗaurawa ya tsinke a wajen zaren, ya nuna min cikin, wani farin ƙarfe ne mai gautsi aka shafa masa ƙyalli, yace Alhaji na tagulla nauyi ne da shi kuma cikinsa rawaya ne, wannan ko shekara ba zai yi ba.

Washegari da sassafe na nufi Ƙofar Ruwa. Na tarar da wani dattijo a shagon, na yi masa bayani, ya yi salati yace Alhaji wallahi yaron nan ba yarona ba ne, ɗan kamasho ne, yana kawo mana masu saye mu ba shi la'adarsa shi yasa yake shiga yana fita, samfur ɗin ma aro ya yi yace zai nuna wa wani, bidiyon kuma a sitona ya ɗauka ban sani ba. Yace kai ne na uku da ya zo da wannan kukan. Ya haɗa ni da ɗaya daga cikinsu, shi wayar wuta aka sayar masa, da aka kankare sai ga fari a ciki, alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, naɗin da ya kamata ya kai mita 100 kuma bai kai ba. Shi nashi ma ya fi nawa haɗari tunda an riga an binne wayar a bango, irinta ce ke zafi ta tada gobara in an ɗora mata kaya.

Mai tayil ɗina kuwa da na tsare shi sai ya sunkuyar da kai, ashe an yi masa alƙawarin kasonsa a kan kowane katan, shi yasa ya ga kala ta bambanta tun katan na sha uku ya ci gaba da mannawa bai kira ni ba. Mutumin da nake ba kuɗin abinci daga aljihuna. Don haka duk wanda mai aikinsa ya nace sai wajen mutum ɗaya za a sayi kaya, to ya bincika da kyau, ya je da wani nashi daban wanda ba shi da ko sisi a cinikin.

In za ku sayi kayan nan ku tambayi waye mai shagon ku gaisa da shi baki da baki, kuɗi su shiga akawun mai sunan shagon, rasit ya zama da adireshi an rubuta girma da lambar kala da adadin katan. Ku riƙe samfur ɗin ku sa hannu a bayansa da alƙalamin maka ku tafi da shi gida. A yi lodi a gabanku da rana tsaka, ku da kanku za ku nuna katan ɗin da za a buɗe, daga tsakiya da ƙasa, a jera guda shida ko takwas a ƙasa a fili a ga ko kala da girma sun zo ɗaya. In mota ta iso da duhu ta kwana, ko a sauke amma cikon kuɗi sai gari ya waye. Ni da na yi wannan na ƙarshen kaɗai da kashi talatin ɗina na nan.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda na kuma sanar da banki, amma kuɗin an kwashe su tun ranar da suka shiga. Layinsa a kashe, ya toshe ni a WhatsApp. Shekaranjiya wani abokina ya turo min shafin nasa, ya canza suna, yanzu silin POP da kabad ɗin kicin yake tallatawa da hotunan gidajen da ba shi ya yi ba, mutane na ta tambayar farashi a ƙasa. Muryar dai ita ce, har da maganar maigida na neman kuɗi da gaggawa. Falon an farfashe tayil ɗin an kwashe, siminti da yashi da kuɗin aiki duk sun tafi, tarewar da muka sa kafin azumi an ɗaga, na je na roƙi mai gidan da muke haya ya ƙara mana wata shida.