Gargaɗi: ku yi hattara da mai sayar da "shafin har abada" a Jos

Dalilin wannan rubutu shi ne abin da ya sami wani malaminmu a nan Jos, dattijo mai koyar da tarihi, wanda ya shafe shekaru yana tattara labarin zaman Hausawa a garin tun zamanin haƙar kuza, kuma ya so ya mallaki shafi a intanet domin ya riƙa wallafa abin da ya tara. Wani matashi mai tallata kansa a Facebook da WhatsApp a matsayin maginin shafuka ya haɗu da shi a wajen Terminus, ya yi masa alkawarin shafi na har abada a kan naira dubu 85, biya ɗaya tak, sannan ya ce idan aka ƙara dubu 40 zai haɗa masa da asusun Google AdSense (tsarin da Google ke saka talla a shafi ta biya mai shafin) wanda aka riga aka amince da shi, dala ta fara shigowa. Malam ya biya duka.

Shafin ya yi aiki shekara guda cur, sannan ya ɗauke. Da Malam ya kira matashin, sai matashin ya ce, "Baba Malam, kamfani ne ya ƙara kuɗi, sai an kawo dubu 150 kafin a dawo da shi." Da muka bincika, muka tarar an yi rajistar sunan shafin da imel ɗin matashin, shi ne kuma ke riƙe da mabuɗin gudanarwa, abin da ya bai wa Malam kalmar sirri ce ta marubuci kawai, wadda ba ta ba shi ikon komai sai saka rubutu. Da aka matsa masa ya miƙa mabuɗin, sai ya daina ɗaga waya.

Ya kamata kowa ya sani cewa ba a sayen sunan shafi har abada. Haya ake yi, ana sabunta ta, kuma sunan da ya ƙare da .com ba a iya biyan fiye da shekara 10 a lokaci guda. Sunayen da suka ƙare da .ng suna ƙarƙashin NiRA ne, ƙungiyar da ke kula da sunayen shafuka na Nijeriya, wadda take wallafa jerin kamfanonin da ta amince su yi rajista. Masaukin da ake ajiye rubuce-rubucen shafi shi ma haya ne. Saboda haka duk wanda ya ce maka biya ɗaya ya wadatar, ko dai bai san aikin ba ko kuma yana shirin riƙe ka a wuya ranar da shekara ta cika, domin a wajen kamfanin rajista, wanda sunansa da imel ɗinsa suke kan asusun shi ne mai shafi, ko da kuwa kuɗin daga aljihunka suka fito.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, Malam bai buƙaci kashe ko kwabo ba a matakin farko. Blogger, dandalin wallafa rubutu wanda Google ta mallaka tun 2003, kyauta ne ga duk mai asusun Gmail, kuma yana nuna ɗ da ƙ da ɓ ba tare da matsala ba. Manhajar gina shafi ta WordPress, wadda ta fito a 2003, ita ma kyauta ce, kuma dandalin WordPress.com yana da tsarin da ba a biya, yayin da mai son cikakken iko zai ɗora manhajar a masaukin da ya kama haya da kansa. Dukansu biyun suna ba mutum damar sauke rubuce-rubucensa a fayil guda ya adana, ko ya ƙaura da su wani wuri. A ganina, mai farawa ya soma da na kyauta, ya yi wata shida yana rubutu, idan ya ga yana da masu karatu sai ya kama suna ya haɗa. Hatta shaidar tsaron shafi, mai sa alamar kwaɗon kulle ta fito a gefen adireshi a wasu manhajojin shiga intanet, wadda matashin ya lissafa a cikin kuɗin aikinsa, wata cibiya mai suna Let's Encrypt na bayar da ita kyauta.

Batun AdSense kuwa yaudara ce tsagwaronta. Ƙa'idojin Google ba su yarda a sayar da asusu ba, ana tura lambar tantancewa ta gidan waya zuwa adireshin mai asusun, ba a biya sai kuɗin sun kai dala 100, kuma wanda ya riƙa latsa tallan shafinsa ko ya sa abokai su latsa, rufe masa asusu ake yi. Malam bai ga ko dala ɗaya ba.

Ba ina cewa kada a ɗauki mai gina shafi ba ne, domin akwai matasa masu amana da ke cin halalinsu da wannan sana'a a Jos. Amma ka buɗe asusun rajista da na masauki da imel ɗinka, ka biya kamfanin kai tsaye ka karɓi rasit da sunanka, shi kuma ka biya shi ladan aikinsa kawai, rabi kafin ya fara, rabi bayan ya miƙa maka mabuɗin gudanarwa ka canza kalmar sirri a gabansa. Kada ka yarda ya ɗora maka kwalliyar shafi ta sata wadda aka cire wa lasisi, saboda sau da yawa ana cusa manhajar ɓarna a cikinta.

Wanda ya riga ya faɗa hannun irin wannan mutum, ya adana shaidar tura kuɗi da hirarsu ta WhatsApp, ya sanar da bankinsa, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC, domin dokar damfara ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015 sun yi tanadi kan karɓar kuɗi ta hanyar yaudara. Mun raka Malam ya shigar da nasa ƙorafin. Yanzu jikansa yana taya shi sake buga rubuce-rubucen daga littattafansa na hannu zuwa Blogger, sai dai guda tara da ya rubuta kai tsaye a tsohon shafin, ciki har da hirarsa da wani tsohon leburan kuza wanda ya rasu bara, ba mu da kwafinsu.